Rubutun da Ya Ratsa Katin Dokta

"Kalle ni nan! Ni na haife ki, ba ke kika haife ni ba. Rubutun nan naki ne ko ba naki ba ne?"

"Umma, na ce miki hannuna ne, amma..."

"Babu wani amma! Wata uku ina binki ina lallashi ki saurari bawan Allahn nan, kina yatsine fuska sai ka ce an miƙo miki mushe. Ashe ta bayan gida kike aika masa da zaƙaƙan kalamai, ni kuma kin bar ni ina ɓata yawuna!"

Ni dai ina bakin gadon jikata, na miƙe ƙafa ina jan carbi. Kada ku tambaye ni abin da nake karantawa, don kunnuwana biyun duk na ba su aiki. Ɗaya yana ɗakin nan, ɗaya yana falo wurin baƙi.

Mai faɗan surukata ce, matar ɗana. Wadda ake yi wa kuma jikata ce, wadda kaf layinmu ke kira Mai Kati. Shekararta ashirin da shida, sana'arta katin gaisuwa da take haɗawa da hannu: na murna, na jaje, na ban haƙuri tsakanin miji da mata. Teburinta na jikin taga, cike da takardu masu ado, mai furanni, mai ɗigo-ɗigo, mai ruwan zinariya, ga almakashi uku, ga gam, ga ƙarafan dannawa a cikin wani kofi da hannunsa ya karye.

A falo kuwa Dokta ne da yayarsa. Kada sunan ya ruɗe ku. Ko ƙofar makarantar likitoci bai taɓa leƙawa ba, kemis gare shi a bakin titi, sai farar riga da yake ɗorawa a kan kayansa ko zafi na kashe mutane. Turaren da ya zubo yau har cikin ɗakin nan yake shaƙe ni.

"Umma, wallahi ba shi na rubuta wa ba."

"To wa? Aljani? A jikin katinsa rubutun yake!"

Hawaye suka riƙa bin kumatun yarinya. Ni kuma na ƙara sunkuyar da kai, don in za a bi gaskiya, da ɗan hannuna a ciki. Ɗan kaɗan dai.

Ga yadda aikin nata yake. In tana son fure ko rubutu ya taso ya yi tudu a fuskar kati, sai ta kifa katin a kan wani faifan roba mai laushi, ta ɗauki ƙarfe mai zagayayyen baki, ta riƙa dannawa ta baya. Babu tawada, ƙarfin hannu ne kawai. Faifan nan shi ke shanye dannawar.

To ranar Talata da hantsi matar maƙwabcinmu mai walda ta shiga watso wa mijinta kaya waje, har da takalmansa. Ku gaya min tsakani da Allah, wa zai zauna kallon wannan a kan busasshen benci da ƙashi irin nawa? Na leƙa ɗakin, na ga faifan, na ɗauka na ɗora a benci na zauna.

Jikata kuma da ta nema ta rasa, ga sauri tana yi, sai ta jawo tarin katunan Dokta da ke kife a gefe ta yi matashi da su. Shi ne ya ba ta aikinsu don ya samu dalilin sintiri gidanmu, wai katin godiya ga masu sayen maganinsa. Ni tunda nake ban taɓa jin inda aka gode wa mutum don cikinsa ya ɓaci ba. Ta ɗora wani katin dabam a kansu ta danna abin da ke ranta, dannawar ta ratsa, ta fito dishi-dishi a fuskar katin Dokta na sama. Ba ta lura ba, ta zuba su a ambulan ta aika.

Wanda ta rubuta wa na san shi sarai. Shiru-shiru ake ce masa. Da can shi ke riƙe da injin yankan takarda a maɗaba'ar ɗana, shi ke tara mata guntayen takardu masu ado tun tana koyon sana'ar. Bara injin ya datse masa yatsan nuni na dama, rabi ya tafi. Yana fitowa daga asibiti ɗana ya sallame shi, ya kuma sa yarinyar nan ta rantse ba za ta sake ganinsa ba.

"Ku fito nan!" Muryar ɗana ce daga falo.

Surukata ta gyara ɗaurin kallabi, ta shafa murmushi a fuska kamar ba ita ce ke kumfar baki yanzu ba. Ta tasa ƙeyar 'yarta gaba. Ni ba a kira ni ba, amma na riga su samun kujera.

Dokta ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya rungume wani abu a ƙirji. Da na dubi abin da kyau sai da na kusa haɗiye carbina. Katin ne, ya kai an sa masa a firam mai gilashi, kamar takardar shaidar da bai taɓa samu ba.

"Sannu Kaka," ya ce da ni.

"Yawwa sannu likitan likitoci. Yaya masu zawo?"

"Suna nan da yawa, alhamdulillahi."

Ɗana ya harare ni ta saman tabarau. Na kalli silin.

"Baba," Dokta ya fara, har da gyaran murya, "ni dama na san ana so na. Mu da muke hulɗa da jama'a muna gane ciwo ko maras lafiya bai yi magana ba. Kunya ce ke damun ta. Shi ya sa ta yi rubutun a ɓoye, dishi-dishi, yadda sai mai zurfin ilimi zai gano shi."

Ya karkata firam ɗin wajen haske, ya karanta yana lumshe ido.

"Ko shekara goma ce zan jira ka. Hannun nan naka ya fi min duk abin da wani zai miƙo min." Ya dafe ƙirji. "Har hannun nawa ta zana a ƙasa. Ni kuma na ce wace irin shekara goma? Ga ni, ga gida, ga mota."

Yayarsa ta ja tsaki a hankali. Mace ce mai cika kujera, zobe a kowane yatsa, tana kallon labulenmu kamar za ta sa a cire.

"Ni dai na biyo shi ne don ya nace," ta ce. "'Yan mata nawa ke layi a kansa, masu aikin ofis. Amma tunda ya ce sai wannan, to. Sai dai in faɗa tun yanzu, wasan yaran nan na yanke-yanken takarda da liƙe-liƙen gam, a nan za ta bar shi. Gidanmu ba a tara shara."

"Ai dama don zaman banza take yi," surukata ta yi caraf. "Da ta shiga ɗakinta shi ke nan."

Zaman banza! Matar da labulen da ake rainawa ma daga katin ya fito. Na buɗe baki, na tuna faifan roba, na rufe.

Jikata na durƙushe a gefen kujerar babanta, kanta a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan tayil.

"Ke," in ji ɗana. "Mutumin nan ya zo da shaida a hannu. Ni ba na magana biyu, ba na kuma son 'yata ta yi. In kin rubuta masa, ki faɗa a gaban kowa in ba shi amsa yau."

"Baba, don Allah..."

"Kin rubuta ko ba ki rubuta ba?"

"Na rubuta, amma ba..." Sai kuka ya ci ƙarfinta.

"Kun gani?" Dokta ya washe baki. "Alamomin kunya ke nan. Har da hawaye. Wannan ba ya buƙatar magani."

Na ga yarinya ta shiga tsaka mai wuya. Ta yi shiru, a ba Dokta ita. Ta yi magana, ta tona wa kanta asiri a gaban uban da ta yi wa rantsuwa. Na dubi ɗana, na ce a raina bari in ɗan tura keken.

"Kai kuwa," na ce, "shekara talatin kana cin abinci da takarda, a kawo maka takarda gida ka tsaya ana karanta maka? Ni ko gani ba na yi sosai, amma da na taɓa."

Ya yi kamar bai ji ni ba. Can kuma sai ya miƙa hannu. Dokta ya ba shi firam ɗin da hannu biyu. Ɗana ya juya bayansa, ya ɓalle ƙusoshin, ya zaro katin.

"A hankali Baba, kada ya yi datti."

Bai kula shi ba. Ya tashi ya je bakin taga, ya kwantar da katin daidai idonsa yadda haske zai bi ta kansa a kaikaice, kamar yadda yake duba aiki in ya fito daga inji. Ya bi rubutun da babban yatsa. Ya gangaro kan zanen hannun. Nan yatsan nasa ya tsaya.

Na ga ƙeyarsa ta sandare.

"Dokta," ya ce ba tare da ya juyo ba, "ɗaga hannunka na dama."

Dokta ya ɗaga, ya baza yatsu, har yana juya shi don a ga agogo.

"Biyar ne cif."

"Alhamdulillahi, Baba. Ina kula da lafiyata."

"Na jikin katin nan huɗu ne da rabi."

Surukata ta dafe baki.

"A'a, ai wurin ne ba ta danna sosai ba," in ji Dokta, yana dariyar yaƙe. "Na lura da shi tun farko. Hannunta ne ya yi rawa, saboda so."

Ɗana ya juyo. "Inda hannu bai danna ba, layi dushewa yake a hankali har ya ɓace. Nan ba dushewa ya yi ba. An zagaye kan dungulmin, an rufe shi da kyau, har an koma an sake bi." Ya dubi bayan katin. "Kuma ba a kan wannan aka yi aikin ba. Babu sawun ƙarfe a bayansa, shatin na sama ne ya ratso. Katinka matashi aka yi da shi."

"Matashi?" Dokta ya maimaita.

"Abin da ake ɗorawa a ƙasa, likita," na taimaka masa. "Kamar tsumman da ake sa wa tukunya."

Yayarsa ta miƙe, kujera ta yi ajiyar zuciya.

"Tashi mu tafi! Na gaya maka tun a mota, ka ƙi ji. Ka kwaso ni rana tsaka ka kawo ni gidan masu almakashi a yi mana dariya. Yarinya tana soyayya da mai dungulmi, kai kana yawo da sauran abin da ya zubo a firam! Har abokanka ka nuna wa!"

"Yaya, ki bari a yi bincike..."

"Binciken uwar me? Wuce!"

Surukata ta bi su tana, "Hajiya ki tsaya, kuskure ne, yarinta ce." Hajiya ko waiwaye. Ta sunkuya ta sungumi katan ɗin lemon da suka shigo da shi, ta ɗora wa ƙanenta a hannu. Ya kai bakin ƙofa ya dawo, ya tsaya yana sosa wuya.

"Baba, firam ɗin... nawa ne."

Ɗana ya tura masa da ƙafa.

Suka fita suka bar ƙofa a buɗe. Ni na lallaɓa na rufe. Ba don komai ba, labarin da zan ba maƙwabta da bakina gobe, ban ga dalilin da za su ji shi kyauta yau ba.

Ɗana ya dawo ya tsaya a kan 'yarsa, katin a hannunsa.

"Kin rantse min."

"Na rantse, Baba, kuma ban karya ba. Wata goma sha ɗaya ban sa shi a idona ba. Ko a hanya na hango mai kama da shi, kwana nake canzawa. Amma ba ka ce in cire shi daga raina ba, kuma ko ka ce, ban san yadda ake yi ba."

"To wa ke kai masa takardun?"

Tari ya sarƙe ni. Wallahi na gaske ne, amma bai zo a lokacin da ya dace ba.

"Inna?"

"Ni asibiti nake zuwa awon jini," na ce. "In hanyar asibiti ta bi ta gaban rumfar yaro, ni na shimfiɗa titin?"

"Inna, da girmanki!"

"Da girmana na haife ka. Rage murya."

Ya juya kan 'yar, don ita ce daidai wuyansa.

"Ki rasa wanda za ki so sai wannan? Yaron da na ɗauko ba ya da ko takalmin kirki? Mai ɗinkin tsofaffin littattafai a rumfar kwano? Mutumin da ko yatsunsa bai iya tsarewa ba, shi zai tsare min 'ya? Ki dube shi fa! Hannu kamar an gutsuri rogo. Shi kika zauna kika zana, kika bi layi sau biyu, kamar wani abin ado!"

"Gaya mata dai!" in ji surukata, tana share hawayen rashin Dokta da motarsa.

Jikata ta ɗago. Idanunta sun yi ja, amma kukan ya tsaya. Tunda aka haife ta ban taɓa ganin ta kalli babanta ido cikin ido ba sai yau.

"Baba, injin wa ya cinye rabin yatsan?"

"Ke!" uwarta ta daka mata tsawa.

"Ki bar ni, Umma, yau ɗaya dai. Baba, ina wurin. Ka manta ne? Ina tsugune a bayan tebur ina tsintar guntayen takarda. Da kunnena na ji ya ce maka ƙarfen kariyar injin ya karye. Ba ranar ya fara faɗa ba, karo na uku ke nan. Ka ce masa aiki ya taru, a gama wannan tukuna. Ya ce to. Kullum to yake ce maka. Ko minti goma ba a yi ba na ji ƙarar, jini ya fallatso har kan takardar da ke hannuna."

"Rufe min baki."

"Ka ce wa mutane ganganci ya yi, yana aiki yana hira. Shi da ba ya hira da kowa! Ya ji, bai musa ba. Har yau bai gaya wa ko mahaifiyarsa gaskiya ba. Na rubuta masa na ce me ya sa, ya aiko min da layi ɗaya, wai ba zai zubar da mutuncin mahaifina a gari ba, don wata rana yana fatan ya kira ka Baba."

Ta dafa ƙafarsa da hannu biyu.

"Ni ban raina ka ba, wallahi ban raina ka ba. Kai ka saya min almakashina na farko. Kai ka koya min yadda ake gane takarda da taɓawa. In ka ce in zauna ba aure, zan zauna, in tsufa a kan teburin can. Amma kada ka sake ce min don ba shi da komai ne. Ba talaucinsa ka ƙi ba, Baba. Hannun ne ba ka iya kallo."

To, ni mai baki ce, kowa ya sani. Amma a wannan lokacin fuskar ɗana kawai na tsaya kallo. Na haifi yaron nan, na san fuskarsa in ya yi fushi, na san ta in an kama shi da laifi tun yana satar sukari. Yau duka biyun ne suka haɗu a fuska ɗaya, suna kokawa.

Surukata ta rarrafo. "Ba shi haƙuri! Maza ba babanki haƙuri, marar kunya! Alhaji, sharrin tsohuwa ne, ita ke zuga ta..."

"Tsohuwa tana jin ki," na ce.

Ɗana bai kalli ɗayanmu ba. Katin yake kallo, babban yatsansa na kan dungulmin nan, yana shafawa yana sake shafawa. Ya cire tabarau, ya mayar. Ya ninke katin biyu, shi da ke zagin duk wanda ya ninke takarda mai kyau, ya tura a aljihun gaba.

"Rumfar tasa," ya ce. "A ina take?"

Jikata ta dube ni, na dube ta.

"Baba, me za ka yi masa? Don girman Allah, shi bai yi komai ba, ni ce na..."

"Tambayarki na yi."

"Bayan tashar mota," ta ce da ƙyar. "Kusa da mai gyaran agogo."

Ya ɗauki hularsa daga kan talabijin, ya kifa a kai a karkace. Surukata ta sha gabansa tana, "Alhaji, ina za ka cikin ranar nan? Kada ka je ka yi abin da za a taru!" Ya ɗauke ta daga hanya da hannu ɗaya kamar labule.

Na jawo takalmana da ƙafa, a hankali, don irin wannan tafiya ba a barin mutum ya yi ta ba shaida.

"Inna," ya ce, hannunsa a kan mariƙin ƙofa, bai ko waiwayo ba. "Kowa ya zauna inda yake. Har ke. Musamman ke."

Ya fita, ya maka ƙofar da ƙarfin da sai da agogon bango ya faɗo ƙasa.